Me ya hana hukumomin tsaronmu aiki tare?

Malamin Sakandare, Zariya:
Assalamu alaikum. A daren 5 ga Yuli, 2022, mahara suka fasa gidan yarin Kuje da ke yankin babban birnin tarayya, fursunoni sama da 800 suka tsere, ciki har da fiye da 60 da ake tsare da su bisa zargin Boko Haram. Da shugaban ƙasa na lokacin, Muhammadu Buhari, ya ziyarci wurin washegari, ya nuna takaicinsa kan yadda aikin leƙen asiri ya gaza. Abin da ke ɗaure mini kai shi ne, a Abuja hedikwatar soja take, da ta 'yan sanda, da ta jami'an tsaron farin kaya na DSS. Shin bayanan sirri ne ba a samu, ko kuwa ana samu amma ba sa fita daga ofishin da suka shiga?

Tsohon Ma'aikacin Gwamnati, Kaduna:
Wa alaikumus salam, Malam. A ganina bayanai ba su yi ƙaranci ba, abin da babu shi ne wanda za a kama da laifi idan rahoto ya iso aka ƙi aiki da shi. Tun 1986, lokacin da gwamnatin Janar Babangida ta rushe hukumar tsaron ƙasa ta NSO ta raba ta uku, wato SSS da yanzu ake kira DSS, da NIA mai leƙen asiri a ƙasashen waje, da DIA ta ɓangaren soja, aka ɗora wa wani ofishi a fadar shugaban ƙasa alhakin daidaita aikinsu, wanda a yau shi ne ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan harkokin tsaro. Sai dai daidaitawa daban, ba da umarni daban. Kowace hukuma tana da kasafinta, kowane shugaban hukuma yana da ƙofarsa ta zuwa wurin shugaban ƙasa, don haka wanda ya samu labari mai tsoka ya fi son ya kai shi sama da kansa a yaba masa, maimakon ya miƙa wa takwaransa da ya fi kusa da inda abin zai faru.

Wannan gasa takan fito fili. A Nuwamban 2017 jami'an DSS sun tare jami'an EFCC a Abuja lokacin da suka je kama tsohon shugaban DSS, Ita Ekpenyong. A Yulin 2023 kuma jami'an DSS da na gidan yari suka ba hammata iska a harabar babbar kotun tarayya da ke Legas kan wanda zai tafi da tsohon gwamnan babban bankin ƙasa, Godwin Emefiele. Mafi muni shi ne na Agustan 2019 a hanyar Ibi ta jihar Taraba, inda sojoji suka buɗe wa motar 'yan sanda wuta suka kashe uku daga cikinsu, alhali suna ɗauke da Hamisu Wadume da ake zargi da garkuwa da mutane. Rundunar soja ta ce ta ɗauka 'yan sandan ne masu garkuwar, rundunar 'yan sanda ta ƙaryata, suka yi ta musayar sanarwa a gaban jama'a.

Lauya, Kano:
Yallaɓai, na yarda da yawancin bayaninka, amma ba daidai ba ne a ce doka tana nan inda take a 1986. Dokar yaƙi da ta'addanci ta 2022 ta kafa cibiyar yaƙi da ta'addanci ta ƙasa a ƙarƙashin ofishin mai ba da shawara kan tsaro, aka buɗe gininta a Abuja a Maris ɗin 2023, domin wakilan hukumomi su zauna wuri guda su tace bayanai tare. Kuma kada a manta cewa da gangan aka raba NSO, saboda yadda ta yi ƙaurin suna wajen tsare mutane ba tare da shari'a ba, don haka ni ba na goyon bayan masu cewa a sake dunƙule komai a hannun mutum ɗaya.

Giɓin da ya fi damuna yana tsakanin tarayya da jihohi. Sashe na 214 na kundin tsarin mulki ya ce rundunar 'yan sanda ɗaya ce a ƙasar, sashe na 215 kuma ya ba kwamishinan 'yan sanda damar ya nemi a kai umarnin gwamna Abuja kafin ya aiwatar. Shi ya sa Katsina ta kafa dakarun sa-kai na jiha a 2023, Zamfara ta kafa Askarawa a 2024, amma waɗannan dakaru su ne suka san daji da masu ba 'yan bindiga labari, ga shi kuma ba su da kujera ta dindindin a teburin da ake tsara farmaki.

Ɗan Kasuwa, Maraɗi:
Ku ƙara da batun iyaka, domin ɓarawon da ya kora shanu daga Jibiya ba ya tsayawa neman izini kafin ya shigo Madarumfa. Bayan juyin mulkin Yulin 2023 an rufe iyaka na tsawon watanni, dangantaka ta yi tsami, sannan a Maris ɗin 2025 Nijar ta sanar da ficewa daga rundunar haɗin gwiwa ta yankin Tafkin Chadi mai hedikwata a Injamena. Kuma duk kun ambaci masu ɗauke da bindiga ne kawai. Tun Disamban 2020 aka tilasta wa 'yan Najeriya haɗa layin waya da lambar NIN da sunan tsaro, amma har yau ta waya ake cinikin kuɗin fansa. Barista, wace doka ce ta tilasta wa hukumar sadarwa da kamfanonin waya su miƙa wa ɗan sandan da ke bincike a Jibiya bayanin layin cikin sa'o'i, kafin a sauya wa wanda aka sace wuri?