Bose 901: gwaninta ce ko suna ne kawai?

Alhaji Mamman Sani:
Assalamu alaikum ƴan'uwa ma'abota sauti na Yamai. Ga wata magana da na san ba kowa zai yarda da ita ba: a cikin lasifikokin ɗaki da aka ƙera a ƙarni na 20, babu wadda ta kai Bose 901 sa mutum ya ji kamar a gabansa ake kiɗan. Amar Bose, malamin jami'ar MIT ta Amurka da ya kafa kamfanin a 1964, ya lura cewa a zauren kiɗa yawancin sautin da ke isa kunne sai ya bugi bango da rufi tukuna kafin ya iso. Shi ya sa da ya fito da 901 a 1968 ya zuba ƙananan lasifikoki tara a kowane akwati, takwas suna duban bango, ɗaya tak tana duban mai saurare, bisa lissafin kashi 89 cikin ɗari na sauti mai dawowa da kashi 11 na kai tsaye. An ci gaba da ƙera ta har 2016, kuma banzan kaya ba ya shekara 48 a kasuwa.

Laminu:
Wa alaikumus salam, Baba Alhaji, Allah ya ƙara girma, amma ban gamsu ba. Daɗewa a kasuwa shaida ce ta iya talla kafin ta zama shaidar inganci. Lasifikokin nan tara, kowace faɗinta bai wuce santimita 11 da ɗoriya ba, kuma babu babba ta kaurin sauti, babu ƴar ƙarama ta siririn sauti. Abin da ba su iya bayarwa da kansu, wani ɗan akwatin daidaita sauti da ake haɗawa da ampili, wato na'urar ƙara ƙarfin sauti, ne ke tilasta musu, yana ɗaga ƙasa da sama da ƙarfin tsiya, shi ya sa samfurin farko ya yi suna wajen cin ƙarfin ampili. Ni lasifikar L100 ta kamfanin JBL, ta 1970, nake girmamawa, wadda aka samo daga 4310 ta ɗakunan ɗaukar sauti, mai babbar lasifika ta santimita 30. Idan mai kalangu ya matse tsarkiya, a kanta za ka ji inda yake zaune.

Malama Habsatu:
Laminu, ƙanena, kada ka ɗauki L100 tamkar ma'auni, domin ita ma tana ƙara gishiri a kaurin sauti da wani ɓangare na tsakiya, kuma wannan armashin ne ya sa ta yi farin jini. Amma Alhaji, a matsayina na mai aikin haɗa sauti a gidan rediyo, akwai inda hujjarka ta yi rauni. Gaskiya ne a zaure sauti mai dawowa ya fi yawa, sai dai makirfo ya riga ya ɗauke wannan amon tun ranar da aka naɗi kiɗan, yana nan cikin faifan. Idan lasifika ta sake watsa shi a bangon ɗakinka, amo biyu kake ji, na zauren asali da na falonka, ɗaya bisa ɗaya. Ga taron makaɗa masu yawa wannan yana da daɗi, ba na musu. Ga mai gurmi guda da muryarsa kuwa, sai muryar ta baje ta cika bango, alhali bakin mutum bai kai haka faɗi ba. Irin wannan ƙorafi ne mujallar Consumer Reports ta Amurka ta buga a kan 901 a 1970, cewa kayan kiɗa ba sa tsayawa wuri ɗaya, har kamfanin Bose ya kai ƙara, aka yi ta shari'a har Kotun Ƙolin Amurka, wadda ta ba masu mujallar gaskiya a 1984.

Alhaji Mamman Sani:
Malama, kotun ba ta zauna ta saurari lasifika ba. Abin da ta yanke shi ne ba a tabbatar cewa da gangan ko da ganganci aka rubuta abin da ba daidai ba, wannan kuwa hukunci ne a kan ƴancin ƴan jarida. Maganar amo biyu dai na karɓa rabi, domin ni don jin daɗi nake saurare, ke kuma don gano aibi, kuma aikinki ke nan.

Malam Issufu mai gyara:
Ranku ya daɗe, ku bar ni in shigo da abin da ake gani a teburin gyara a kasuwar Katako. Yawancin masu zagin 901 a garin nan ba su taɓa jin ta yadda aka tsara ta ba. Tsofaffin kayan da ake saukewa a tashar jiragen ruwa a kawo mana, sau da yawa akwatuna biyun ne ke isowa, ɗan akwatin daidaita sautin ya ɓata a hanya ko an sayar da shi daban, saboda ɗan kasuwa bai san jikinsu ɗaya ba ne. In babu shi, muryar tsakiya kaɗai ke fita, kamar rediyon hannu. Sannan wasu ma juya ta suke yi, su sa fuskar mai lasifikoki takwas ta dubi jama'a, don sun ɗauka ita ce gaba.

Sai batun soso. Samfuri na 1 da na 2 da ƙyalle aka yi bakin lasifikokinsu, suna jure shekaru. Na 3, wanda ya fito a 1976, da na 4, da soso aka yi, shi kuwa soso ruɓewa yake yi in ya tsufa, kowane kamfani ne ya yi shi, balle a zafinmu na watan Afrilu da ƙurar hunturu. Mai akwati biyu lasifikoki 18 zai sake wa baki, kuma ba ƙaramin aiki ba ne.

Babban abin dai shi ne ɗaki. Ana so a ajiye ta santimita 30 zuwa 45 daga bango mai ƙarfi, da sarari hagu da dama. Falonmu na siminti da tayil, wani ma da rufin kwano ba silin, ya riga ya cika amo, sai ta ƙara masa. A tsakar gida kuma, inda muke kwashe rabin shekara muna hira da dare, babu bangon da zai maido da sautin yadda ake so, sai takwas ɗin nan su yi ta yi wa iska kiɗa. Kamfanin Bose da kansa, da ya tashi yin ta wuraren taro, 802 ya fitar, mai lasifikoki takwas duk suna duban jama'a.

Laminu:
To Kawu Issufu, ai ka gama mini aiki. Lasifikar da sai an gina mata ɗaki, an nemo mata akwatinta, an ba ta ampili mai ƙarfi, ta yaya za a ce babu kamarta?

Alhaji Mamman Sani:
Ɗana, lasifikar Klipschorn da Paul Klipsch ya fara ƙerawa a 1946 ba ta aiki sosai sai an cusa ta a kusurwar ɗaki, kusurwa biyu masu kyau kuwa ba kowane gida ke da su ba, amma ban taɓa jin kun kira hakan aibi ba, hikima kuke ce masa. Falona yana da darduma da labule da silin, kuma ƙofata a buɗe take ga duk mai son ya kawo tasa JBL mu jera su.

Malama Habsatu:
Na yarda, bisa sharaɗin a daidaita ƙarfin sautin duka biyun, domin kunne kan zaɓi wadda ta fi ƙara ko da kaɗan ne, kuma a rataya labule mara kauri don kada suna ya yi zaɓe a madadin kunne. Zan zo da naɗin murya ɗaya da gurmi, da wani na ganguna masu yawa.

Malam Issufu mai gyara:
Kafin nan, Alhaji, a duba mini lambar samfurin da ke jikin lasifikar da wadda ke jikin akwatin daidaitawar. Na 1 da na 2 suna aiki da juna, haka na 3 da na 4, haka na 5 da na 6, amma ba a tsallaka tsakaninsu. In an haɗa maka na 2 da na 4, sai mun nemo daidai kafin a kira kowa.