Idan ruwa ya katse wasan kurket

Shawarar da 'yan ƙananan kulob-kulob na kurket (wasan da ake jefa ƙwallo a buge ta da sanda) a Ingila suka fi nanatawa ita ce, a rufe tsakiyar fili da tampol tun kafin yayyafi ya kankama. Wannan wuri na tsakiyar fili da ake jefa ƙwallo a kai, mai tsawon yadi 22, in ya jiƙe, ƙwallo ba ta tashi daidai, mai jifa kuma yana iya zamewa ya ji ciwo. Shi ya sa suka ce a tanadi garin katako a barbaɗa inda yake taka ƙafa, da tsumman goge ƙwallo.

A tsakaninsu an ja dogon zance kan lissafin maki idan ruwa ya rage lokacin wasa. Masu goyon bayan tsarin Duckworth da Lewis, wato lissafin da ke sake ƙayyade makin da ake bukata don cin wasa idan ruwa ya katse shi, wanda aka fara aiki da shi a 1997, sun yaba adalcinsa, wasu suka ce ya yi wa ƙananan kulob na ƙauye wuya. A ganina, kyaftin biyu su daidaita kan ƙa'idar gasarsu kafin jifar farko, kada a bari sai hadari ya haɗo.

Maganar tsawa kuwa babu gardama: kowa ya shige ɗaki, a jira minti 30 bayan rugugin ƙarshe. Komawa fili hukuncin alƙalan wasa ne.