Zawarawa, yaya kuke ji idan kuna kallon fim ɗin barkwanci a kanku?

Mai buɗe zance, Gwale: Assalamu alaikum 'yan uwa. Fim ɗin barkwanci a kan zawarawa ya zama abin yayi, ana ta tura guntayensa a WhatsApp. Waɗanda aurensu ya taɓa mutuwa, ku faɗa mana yadda kuka gan shi.

Maɗinkiya, Zariya: Wa alaikumus salam. Ni abin da ya ɓata min rai, ana miƙa wa mace takarda sai a nuno ta da lalle da sabon leshi tana jiran bazawari. Ina iddar? Alƙur'ani a farkon Suratuɗ Ɗalaƙ ya ce kada a fitar da mace daga ɗakinta, amma ni bayan isha'i aka sa ni a adaidaita sahu, goyo a baya, kayana a baƙar leda. Ɗakin ƙannena na koma, tabarmata a bakin ƙofa. Makwabciyar da muke tsefe tare ta daina aiko min da yaranta, wai kar mijinta ya saba da ganina. Da adashe na sayi keken ɗinki, shi ke ci da mu har yau.

Maman biyu, Damagaram: Yaya, Allah Ya saka miki. Ni kam na yi dariya sosai, tare da mahaifiyata muka kalla. Ranar ce ta fara yi min maganar sakin ba da kuka ba.

Malamar Islamiyya, Kano: Ƙanwata na cikin ma'aurata 1,800 da gwamnatin Kano ta ɗaura wa aure a 2023, tsarin da Hisba ta faro tun 2012. Sai da aka yi musu gwajin jini kafin a ba su gado da katifa. Tana ɗakinta lafiya, alhamdulillahi. Abin da ke ƙona mata rai shi ne yaran layi da ke kwaikwayon muryar 'yan fim idan ta wuce.

Mai sayar da atamfa, Kaduna: Ni ciyarwar yara ce ta kai ni kotun shari'a. Alƙali ya yanke wa babansu abin da zai riƙa bayarwa duk wata. Ya bayar da farko, daga baya ya kashe waya. Maɗinkiya, naki yana kawo na abinci?

Maɗinkiya, Zariya: Sai da Sallah, Hajiya. Ki koma wurin rajistara da takardar hukuncin, ki tafi da wanki ko kawunki.