Rasit ɗin harajin ƙuri'a na kakan matata a Texas, me yake nufi?

Baban Amira:
Slm jama'a, dan Allah masu ilimin tarihin Amurka ku taimaka min. Matata baƙar fatar Amurka ce, muna ta haɗa tarihin danginsu saboda yaranmu, to a akwatin marigayiya kakarta muka samu wasu ƴan rasitai guda uku na mijinta, 1946, 1948 da 1952, an rubuta Poll Tax a samansu, dala 1.75 kowanne. Ni da farko na ɗauka irin harajin da mai unguwa yake karɓa a wajen kakanninmu ne. Kuma abin da ya ɗaure min kai, babu ko ɗaya kafin 1946, anya ba a wata jihar yake zaune kafin nan ba?

Malam Sani:
Wslm Baban Amira. Ba irin namu ba ne, wannan kuɗi ne da sai ka biya kafin a bar ka ka jefa ƙuri'a. Texas ta sa shi a 1902, dala 1.50 na jiha, gunduma ta ƙara santi 25, kuma sai ka biya kafin ƙarshen Janairu, watanni kafin zaɓe, lokacin da manomin da yake aikin gonar wani bai da ko sisi a hannu, ranar zaɓe kuma ka nuna shaidar biya. Ai da gangan aka tsara shi don a kori baƙaƙen fata, ya kuma haɗa da ƴan asalin Meziko da talakawan turawa. Sai 1964 gyara na 24 na kundin tsarin mulkin Amurka ya hana shi a zaɓen tarayya, na jihohi kuma sai 1966.

Hajiya Maryam:
Malam ya faɗi gaskiya, amma ni shekarar 1946 ɗin nan ce ta taɓa min zuciya wallahi. Kafin 1944 ko baƙin mutum ya biya kuɗin ba a barinsa ya yi zaɓen fidda gwani na jam'iyyar Democrat a Texas, alhali a lokacin duk wanda ya ci wannan shi ya ci zaɓe. Wani likitan haƙori a Houston, Lonnie Smith, shi ya kai ƙara har kotun ƙoli ta rushe abin a 1944. To ka ga mai yiwuwa bawan Allahn nan yana nan garinsu tun da can, kawai bai ga amfanin zubar da kuɗinsa ba sai da ƙofa ta buɗe. Kar ku rubuta cewa ya yi ƙaura don kawai babu rasit, ku nemi sunansa a ƙidayar 1930 da ta 1940 tukuna.

Ɗan Zinder:
Ƙari kaɗan ranka ya daɗe, ka karanta jikin rasit ɗin da kyau, yawanci akwai shekarun mutum, sana'arsa, launin fata da tsawon zamansa a jihar da gundumar.

Baban Amira:
Allah ya saka da alheri. Yanzu na ɗauko na 1946, ashe an rubuta shekara 31 a gundumar, shekarunsa ma 31 ne, kenan a nan aka haife shi. Na nuna wa matata ta yi shiru ta daɗe tana riƙe da takardar, ta ce gobe za mu sa su a firam.