Yaya zan nuna kaɗaici a fim ba tare da jaruma ta faɗa da bakinta ba?

Assalamu alaikum. Ina shirya gajeren fim a kan dattijuwar da mijinta ya rasu, 'ya'ya sun watse, ta rage ita kaɗai a gida. Duk fitowar da na rubuta sai ta ƙare tana kuka tana cewa ba ta da kowa. Ni so nake mai kallo ya ji tana ƙishin wanda zai so ta tun ba ta buɗe baki ba. Kyamara ɗaya gare ni, kuɗi kuma kaɗan. A taimaka da shawara.

Mai ɗaukar hoto: Wa alaikumus salam. Ƙanena, ja kyamarar baya. Kowa gaggawar matso da fuska yake, alhali a filin da ya kewaye mutum ake ganin kaɗaicinsa. Nemi fim ɗin darakta Fassbinder na 1974, Ali: Fear Eats the Soul, labarin dattijuwa mai aikin shara a Jamus da ta auri ɗan ci-rani daga Maroko. Akwai wurin da suke zaune a lambun shan shayi, kujeru rawaya ko'ina ba kowa a kai, ma'aikata sun tsaya daga nesa sun zuba musu ido. Sau da yawa kuma ta bakin ƙofa yake ɗaukarsu, har ka ga kamar an tsare su. Kai ma ka tsaya daga zaure, ka bar ta can ƙuryar tsakar gida, kada ka yi saurin yankewa.

Mai haɗa sauti: Cire kiɗan tausayi gaba ɗaya. Bari daka da hayaniyar yara da guɗar maƙwabta su tsallako katanga, gidanta kuwa tsit.

Wata marubuciya: Malamai, kaɗaici kuka amsa, saura buƙatar so, kuma ita ce mai wuyar. Wadda take zaune shiru tana iya yiwuwa hutawa take. Sai mun ga tana miƙa hannu tukuna. A fim ɗin Taxi Driver na 1976, jarumin yana roƙon budurwa ta waya, sai daraktan fim ɗin, Scorsese, ya kawar da kyamara daga kansa zuwa wani dogon lungu fanko, muryarsa kawai ake ji. Ɗana, ba wa dattijuwarka irin wannan: ta kira ɗanta ba a ɗauka ba, ko ta riƙe almajirinta da hira bayan ta gama zuba masa tuwo, shi kuwa idonsa na ƙofa.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Hajiya, fitowar almajirin zan fara rubutawa. Mai sauti, zan neme ka kan naɗar muryoyin maƙwabta.