Neman shawara: KeePass na shan wahalar buɗewa a tsohuwar laptop ɗina

Salam 'yan uwa, don Allah masu ilimin kwamfuta ku taimaka. Ina da ɗan shagon buga takardu a Samaru, laptop ɗin da nake aiki da ita tsohuwa ce, Core 2 Duo, RAM 2GB, Windows 7. Ƙanena ne ya haɗa min KeePass, manhajar ajiye password, a sabuwar tasa ya turo min fayil ɗin, a wajensa ƙiftawar ido ya buɗe, ni kuwa in na sa password sai fanka ta kama kuka, mouse ya daskare, har in miƙa wa kwastoma canjinsa in dawo bai gama ba. In rage saitin ne, ko ragewar zai sa a iya fasa shi?

Ɗan Kongo: Wa alaikumus salam. Malam jinkirin nan da gangan aka yi shi, Argon2 ne, yana cinye RAM da lokaci a duk gwaji ɗaya don wanda ya saci fayil ɗin ya kasa gwada miliyoyin password a guje. Ina zargin ƙanenka ya cusa memory ya kai 1GB, a injin 2GB kuwa dole Windows ta koma ara daga hard disk, shi ne daskarewar. Shiga Database Settings, ɓangaren Security, ka mayar da shi 64MB, sai ka danna 1 Second Delay a kan TSOHUWAR, ba sabuwar ba. Amma fa ka kwafi fayil ɗin a flash tukuna kar wuta ta ɗauke ana cikin ajiyewa.

Mai Gyara PZ: Gaskiya ne, sai dai in ka rage nan ka ƙara can. Password ɗin ya zama kalmomi biyar ko shida da ba su da alaƙa da juna, banda sunan uwargida da shekarar haihuwa abeg. Lokacin da aka sace rumbunan LastPass, wata manhajar ajiye password, a 2022 masu gajeren password ne suka fi shiga uku.

Yayar Tudun Wada: Ni duk ba wannan ne ya dame ni ba. Windows 7 tun Janairun 2020 Microsoft ta daina tura mata gyaran tsaro, kuma shago ne, ɗalibi ya zo da flash ɗin project ɗinsa cike da virus ka soka. In abin da ke naɗar rubutun keyboard ya shiga, ko minti goma yake ɗauka kafin ya buɗe an riga an kwashe password ɗin. Ka sa mata Linux Mint Xfce a madadin Windows, da KeePassXC mai aiki irin na KeePass, fayil ɗin dai ɗaya ne, ko ka riƙa buɗe shi a waya kawai.

Mai tambaya: Na duba, wallahi 1GB yaron nan ya sa. Na rage, yanzu daƙiƙa biyu. Yaya maganar Linux ɗin, firinta ta za ta yi aiki kuwa?

Mai Gyara PZ: Turo lambar firintar mu gani.