Iyayen da 'ya'yansu suka bar Iran: abin da muka gani da idonmu

Ɗalibi a Ƙum:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Mai gidan da nake haya tsohon malamin makaranta ne, kuma ɗansa tilo ya tafi karatu Amurka shekara shida ke nan bai leƙo gida ba, domin bizarsa ta shiga sau ɗaya ce, idan ya fito babu tabbacin komawa. Uban ma bin sa ba shi da sauƙi, tunda Iran da Amurka sun yanke hulɗa tun 1980, a da sai mutum ya je Ankara a Turkiyya ko Yerevan a Armeniya neman biza. Waɗanda suka zauna cikin irin waɗannan iyaye, me kuka gani?

Maman Zahra, Tehran:
Wa alaikumus salam. Maƙwabciyata tana da 'ya'ya mata biyu a Toronto. Duk ranar Nowruz, wato sabuwar shekararsu a watan Maris, takan jera shimfiɗar haft-sin, wato kayan ado bakwai na al'adar bikin, ta jingine waya a jikin madubi domin su gani, tana ce musu "jatun khali", ma'ana gurbinku babu kowa. Abin da ba na mantawa shi ne watan Nuwamba na 2019, da aka katse intanet kusan mako guda: ta shigo ɗakina ta zauna shiru, ko shayin da na zuba mata ba ta taɓa ba. Ta ce ita da kanta ta sayar da gwala-gwalanta ta tura su, don haka ba ta da bakin cewa su dawo, kuma a ganina wannan shi ne ciwon da ya fi cin iyaye.

Tsohon ɗalibi a Mashhad:
Na taɓa halartar sallamar wani matashin likita mai tafiya Jamus. Mahaifiyarsa ta ɗaga Alƙur'ani ya wuce ta ƙarƙashinsa, sannan ta watsa ruwa a bayansa don ya dawo lafiya. Bayan harbo jirgin fasinja na Ukraine a kusa da Tehran ranar 8 ga Janairu 2020, inda mutum 176 suka rasu, da yawansu masu komawa Kanada, ta gaya mini ba ta iya barci duk daren da ya hau jirgi.

Ɗalibi a Ƙum:
Allah ya saka da alheri, Malam. Dattijon nan mai gidan da nake haya ya kwanta asibiti a watan jiya, ni na yi jinyarsa, kuma ya roƙe ni kada in sanar da ɗansa har sai ya gama jarrabawa.